Sawun Mazo a Dajin Banco

A Arras aka haife ni, cikin Treichville, a hawa na biyu na wani dogon gini da fentinsa ya daɗe da barewa. Babanmu mutumin Nijar ne, tun yana saurayi ya sauko Abidjan da fataucin albasa, ya zauna. Mu 'ya'yansa da Faransanci muka tashi a baki, Hausarmu ta cikin gida ce, ta kiran abinci da faɗan iyaye. Dabbobin da na sani su ne ragon layya da ɓerayen kwata. Daji kuwa, iyakar sanina da shi shi ne wannan baƙin kurmi da ake wucewa ta gefensa idan an hau gbaka, ƙananan motocin hayar nan, daga Adjamé za a Yopougon. Banco ake ce masa.

Ban taɓa jin an ambaci Banco da alheri ba. Idan aka sace mota, a ce an shige da ita Banco. Idan mutum ya ɓata kwana uku, mata su fara raɗa cewa a je a duba Banco. Wata maƙwabciyarmu mai soya alloko, wato ayabar suya, ta rantse mana cewa akwai kogi a ciki wanda aljanu ke kiwon kifi, duk wanda ya ci kifin ba ya ƙara shekara. Inna, da zarar gbaka ta kawo daidai wurin, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi ta karanta abin da ta iya har mu wuce. Ni ma na ɗauki wannan ɗabi'a, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ina da shekara ashirin da biyu, ina koyon buga takardu a wani ofis kusa da Mairie, hedikwatar ƙaramar hukumar Adjamé, sai Kawu ya zo. Wannan kafin rikicin da aka yi a ƙasar ne, gari yana zaune. Kawu yayan Inna ne, mafarauci a ƙauyensu can arewa da Maraɗi. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, shi ne Baba ya aika a kawo shi a yi masa aiki. Dogo ne, busasshe, da layu a damtse, da wata 'yar wuƙa mai kube da ba ta barin ƙugunsa ko a kan buzun salla. Aikin ya yi kyau. Sai dai likita ya ce ya zauna wata biyu ana duba shi, zaman nan kuwa ya fi masa ciwon zafi. Yakan wuni a baranda yana kallon gareji da woro-woro, tasin haɗaka, masu wucewa, ya ce:

"Ku kam, yaya kuke numfashi? Ko'ina bango, ko'ina mutum."

Wata rana muka tafi gaisuwar suna Yopougon da shi. Da muka kawo daidai Banco, Inna ta ja mayafinta kamar kullum. Shi kuwa Kawu sai da ya kusa fitar da kansa ta taga.

"Wannan fa? Dajin wa?"

"Kauda kai, Yaya," in ji Inna. "Ba wurin kallo ba ne."

Bai kauda ba. Tun daga ranar ba shi da wata magana sai ta dajin. Itatuwan da ya hango, wai bai taɓa ganin tsawonsu ba ko a mafarki. Wane nama ne a ciki? Wa ke farautarsa? Baba dariya kawai yake yi. Yayana, wanda ke sayar da rediyo da kasakasai a kasuwar da ake kira Black Market, shi ne ya jiƙa mana aiki. Ya dawo wata maraice ya ce wani mai saye ya gaya masa dajin na gwamnati ne, an killace shi, ba a farauta ba a saran itace, amma akwai ƙofa, ana shiga yawon buɗe ido. Har Turawa suna zuwa ɗaukar hoto, kuma akwai ma'aikacin da ke raka mutane. Ya yi wa Kawu alkawarin kai shi ranar Lahadi.

Ranar Asabar kaya suka iso wa yayan nawa daga tashar jirgi, ya ce ba zai samu sukuni ba. Kawu ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, dole sai da tafinta. Baba ya dube ni.

"Ke za ki kai shi."

Na ce ina da wanki. Na ce kaina na ciwo. Inna ta sa baki, Baba ya ce mata wurin da Turawa ke kai 'ya'yansu ba zai cinye tata 'yar ba. Kawu dai ya zuba mini sabon idonsa kamar yaron da ke jiran a ce masa taso mu tafi. Wannan kallon ne ya karya ni.

Da hantsi muka hau bas zuwa Adjamé, muka ratsa ta gaban Mairie da ƙafa, cikin masu talla da masu tura baro, har inda gbaka ke lodi. Na sa silifas ɗin roba da atamfar zuwa ofis, don ban san me ake sawa a shiga daji ba. Da na ce wa direba ya sauke mu a ƙofar Banco, wata mata da ke kusa da ni ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. Muna sauka motar ta ja, ta bar mu a bakin titi, ni da Kawu da bangon ganye.

A ƙofa akwai ma'aikaci cikin koren kaki, gajere mai ƙaton gashin baki. Shi ne zai yi mana jagora, tare da wasu Turawa biyu, miji da mata, masu manyan takalma da kyamara a wuya. Kafin mu shiga ya yi mana gargaɗi, ni kuma ina juya wa Kawu da Hausa. Ba a tsinkar ganye, ba a jifan dabba, ba a kunna wuta. Abu mafi girma, ba a sauka daga hanya. Ya maimaita wannan har sau biyu. Sannan ya nuna ƙugun Kawu ya ce wuƙar nan a ƙofa za ta tsaya.

"Ki gaya masa," in ji Kawu, "namiji ba ya shiga daji hannu rabbana."

Ban gaya masa haka ba. Na ce wa jagoran tsohon yana tambaya ko za a ajiye masa da kyau. Na ce wa Kawu kuma in bai bayar ba gida za mu koma, a raina ina addu'ar ya ƙi. Ya kwance ta ya miƙa.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba ƙarar titi ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa a bayanmu. Ni da ban taɓa zama inda babu ƙarar mota ba, sai na ji kunnuwana suna shuu. Wurin da sanyi, da duhu irin na bayan magariba, alhali ko azahar ba ta yi ba. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika hanci. Itatuwan sun miƙe sama babu reshe sai can ƙololuwa, saiwoyinsu sun fito waje kamar bangayen ɗaki, har mutum zai iya shigewa tsakaninsu ya ɓuya. Wasu igiyoyi masu kaurin cinya suna reto daga sama. Kowace na kalla sai in ga kamar ta motsa.

Kawu kuwa kamar an mayar masa da shekara talatin. Ya shafa wannan itace, ya shinshina wancan. An liƙa wa wasu itatuwan alluna da sunayensu, ya sa na karanta masa, ya yi dariya ya ce ashe har itace ana yi wa katin zama a ƙasar nan. Jagoran ya nuna mana wasu ƙananan birai masu farin hanci can sama, Turawan suka yi ta ƙyas-ƙyas da kyamara. Ya kai mu wani tafki cike da tarwaɗa, kowace ta kai tsawon hannuna, suna buɗe baki a saman ruwa ana jefa musu burodi. Na tuna maganar mai alloko, na ja da baya. Kawu ya tsuguna yana girgiza kai.

"Wannan kifi haka, a ce kallo kawai ake yi?"

Daga tafkin muka kama wata siririyar hanya, jagoran a gaba, Turawan na bin sa suna tambayoyi, mu a baya. Kawu ya fara jan ƙafa, idonsa a ƙasa. Can ya tsaya cak, ya durƙusa.

"Zo ki gani, ɗiyata. Mazo, ɗan'uwan barewa. Namiji ne, babba. Yanzun nan ya tsallaka, dubi ruwa bai gama taruwa a sawun ba."

Ni dai wasu 'yan ramuka biyu na gani a laka. Na ce masa su jagora sun yi nisa.

"Taku goma kawai. Ba taɓa shi zan yi ba, ganinsa nake so in yi. Shekara huɗu rabon da idona ya ga nama a tsaye."

Kafin in buɗe baki ya ɗaga wani reshe ya shige. Na tsaya a kan hanya ni kaɗai. Gaba, jagoran da Turawan sun sha kwana, ba na ganinsu. Dama, ganyen da Kawu ya shiga yana rufewa. Da na ƙwala wa jagoran kira a lokacin, da babu abin da zai faru. Amma tsoron kada a kama Kawu da laifi ya hana ni, ga shi baƙo, takardunsa ma ba su cika ba. Na tattare zanena na bi shi.

Taku goma ya zama hamsin. Ina kiransa ƙasa-ƙasa, yana ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya bi ta ƙarƙashin wani faɗaɗɗen itace, ya gangara, ya sake hawa. Ni kuma ina bin farar rigarsa kawai. Ba mu ga mazo ba. Abin da muka ji shi ne wata ƙara daga sama kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, sai iska ta kaɗa, duhu ya ƙaru. Ruwan Abidjan ba ya sallama. Da farko ganyen sama ya tare mana, daga baya ya sako shi gaba ɗaya kamar da bokiti.

Muka raɓe a tsakanin saiwoyin wani itace har ya tsagaita. Ban san tsawon lokacin ba, agogona ya sha ruwa. Da muka fito Kawu ya ce mu koma, ya sunkuya yana neman sawunmu. Babu sawu. Ƙasa duk ta zama laka da ganye mai sheƙi. Ya yi gaba, ya dawo. Ya yi hagu, ya dawo. Sai na ga ya ɗaga kai sama yana juyawa a hankali, ya sa hannu ya kare idon da aka yi wa aiki.

"Kawu, mene ne?"

"Rana nake nema."

Babu rana. Babu ma sama, sai ganye a kan ganye. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke kai ya dube ni.

"A dajinmu, ɗiyata, in ka tsaya kana hango tafiyar wuni. Ko makaho ya san gabas. Wannan kuwa ban san shi ba. Ban san itacensa ba, ban san kukan tsuntsunsa ba. Ban san inda muka fito ba."

Duk fargabar da nake ciki tun safe, ashe wasa ce. Can ƙasan raina na dogara da cewa ina tare da mafarauci. Da ya faɗi haka sai wannan dogaron ya rushe. Na fara ihu da Faransanci, ina kiran jagoran, ina kiran duk mai ji. Muryata ba ta zuwa ko'ina, ganyen yana shanye ta. Labaran Arras suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, motocin sata, mutanen da suka ɓata. Sai na tuna cewa in akwai masu ɓuya a dajin nan, ni nake nuna musu inda muke. Na kama bakina.

Muka zaɓi wani gefe muka nufa, ba don mun san komai ba. Ƙaya tana kama zanena, laka tana riƙe silifas. Ban yi aune ba na taka wani baƙin layi da ya ratsa gabanmu, ashe kwarkwasa ce. Kafin in ɗaga ƙafa sun hau har gwiwa, cizo kamar ana soka allura mai zafi. Na yi tsalle ina bubbuga ƙafa, silifas ɗaya ya fice ya faɗa tsakiyarsu, nan take suka rufe shi. Kawu ya janye ni gefe, yana cire mini su ɗaya ɗaya, kawunansu na maƙale a fata. Na ci gaba da takalmi ɗaya, daga baya shi ma na yar.

Muna hawan wani tudu aka yi kukan.

Ya fara ne a hankali, huu, huu, huu, kamar mutum mai haki. Ya yi ta ƙaruwa yana sauri har ya koma kururuwa, irin ta matar da aka aiko wa da mutuwa. Wasu muryoyin suka amsa daga gefe. Sai kuma aka hau dukan wani abu, dum, dum, dum-dum, har ina jin sa a ƙirjina. Na riƙe rigar Kawu da hannu biyu. Hannunsa ya kai ƙugu, ya tarar babu komai.

"Mutane ne?" na tambaye shi. 

"Ba mutum ba ne. Durƙusa."

"Aljanu ne?"

"Na ce ki durƙusa. Sunkuyar da kai. Ko me ya fito kada ki kalle shi a ido, kada ki gudu. In kin gudu kin kashe mu."

Muka durƙusa a cikin jiƙaƙƙen ganye. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙeyata ya danne. Ina jin rassa suna karyewa, abin yana matsowa. Na karanta duk abin da Inna ta koya mini, na rikita farko da ƙarshe. Fitsari ya kufce mini, ban ma damu ba. Sai ƙarar ta tsaya. Wani wari ya bugo, kamar na jiƙaƙƙen bargo da gumi.

An ce kada in kalla, amma na saci kallo ta ƙasan ido. Tsakaninmu da shi bai fi faɗin titin unguwarmu ba. Baƙi ne wuluk, gashin kafaɗunsa a tsaye, ya dogara a kan dunƙulallun hannuwa. Na san shi a littafin makaranta, shampanze, amma na littafi ɗan ƙarami ne mai dariya da ayaba a hannu. Wannan hannunsa ɗaya ya fi cinyata kauri. Abin da ya fi razana ni fuskarsa ce. Fuskar dattijo ce sak, da furfura a haɓa, yana dubanmu kamar maigidan da ya tarar da baƙi a tsakar gidansa ba sallama. Ya kama wani ƙaramin itace ya girgiza shi da ƙarfi, ruwan ganyen ya zubo. Hannun Kawu a ƙeyata yana rawa, yana rawa sosai, amma bai ɗaga ba. Ina jin yana magana ƙasa-ƙasa, ba addu'a ba, da dabbar yake:

"Wucewa muke yi, maigida. Ba mu zo da komai ba. Wucewa muke yi."

Ko ya ji, ko dai ya ga ba mu kai abin damuwa ba, Allah masani. Ya yi wani gurnani, ya juya mana baya, ya shige. Bayansa wata ƙarama ta bi da ɗa manne a cikinta. Ganye ya rufe.

Mun daɗe ba mu motsa ba. Da Kawu ya tashi sai da ya dafa itace. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Ya ce ya san gwaggon biri, ya sha korar su daga gona, amma wannan ba biri ba ne, bai san abin da zai kira shi ba. Ni kuwa kuka nake yi marar sauti, na kasa tsayar da shi.

Ruwan da aka yi ne ya taimake mu. Kawu ya lura duk 'yan ƙoramun da ruwan ya haifar gefe ɗaya suke gangarawa. Ya ce a kowane daji ruwa wajen babbansa yake tafiya, mu bi shi. Muka bi har muka faɗa wani rafi mai yashi a ƙasa, ruwansa iya ƙwauri. Nan ne ɗan karatuna ya yi rana. Na tuna a taswirar makaranta kogin Banco cikin lagun, babban ruwan da ya ratsa gari, yake faɗawa, kuma kafin ya kai sai ya bi ta ƙarƙashin babban titi. Na ce wa Kawu in muka bi shi ƙasa za mu fita. Ya ce to, ke ce gaba yanzu.

Muka shiga ruwan muna tafiya, don bakinsa sarƙaƙiya ce. Kowane taku ina jiran wani abu ya kama mini ƙafa. Wani wuri ruwan ya kai mini ƙugu. Wani wuri itace ya faɗi ya tare, sai mun bi ta ƙarƙashi, fuskarmu na gogar gansakuka. Sau ɗaya wani dogon abu ya sulale daga reshe ya faɗa ruwa a gabanmu, ban tsaya tambayar sunansa ba. Tafin ƙafata ya tsage, ina ganin jini yana bin ruwa, ba na jin zafi.

Can sai muka sake jin duka. Dum, dum, dum.

Na daskare. Na ce shi ke nan, sun zagayo sun tare mu. Na juya zan koma, Kawu ya riƙe ni, ya karkata kunne.

"Tsaya. Wannan da yawa ne. Kuma dubi yadda yake tafiya daidai, kamar daka."

Muka matsa a hankali, muna raɓewa. Haske ya fara ratso ganye. Na ji ƙarar babbar mota tana taka birki, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Sai muryoyin maza, da dariya, da wani yana rera waƙa. Muka ɗaga reshen ƙarshe.

Maza ne ba iyaka tsaye cikin ruwa, kowa da tsohuwar tayar mota da dutse a gabansa, suna ɗaga tufafi suna makawa. Fanico ne, masu wankau da ke bi unguwa-unguwa suna karɓar wanki. Na sha ganinsu a Adjamé da ƙullin kaya a ka, ban taɓa sanin nan suke kawowa ba. Duk gangaren tudun an shanya kaya a kan ciyawa, ja da fari da shuɗi, har bakin titi. Na kusa da mu ya ɗago ya gan mu, mace ba takalmi, jiƙe da laka da jini, da tsoho mai layu, sun fito daga inda ba a fitowa. Ya saki wandon da ke hannunsa ya ja da baya yana salati.

Da jin salatin nan Kawu ya yi masa sallama da Hausa. Daga can baya wani ya amsa. Wani dattijo ne mai faɗin ƙirji, kumfa har gwiwar hannu, ya ratso ruwa ya zo. Mutumin Tawa ne. Bai tambaye mu komai ba sai da ya zaunar da ni a kan taya, ya wanke mini ƙafa da sabulun wankinsa, ya yage wani tsumma ya ɗaure. Ya hau tudu ya ɗauko busasshen zane cikin kayan mutane ya ba ni, ya ce in rufa, mai shi ba za ta rasa shi yau ba. Wani ya kawo ruwa a gora. Sai da muka sha sannan ya ce:

"To, Malam, me ya kai ka ciki da 'yar mutane?"

"Sawun mazo," in ji Kawu.

Dattijon ya kalle shi, ya kalle ni, ya fashe da dariya har yana dafa cinya. Ya juya ya faɗa wa sauran da Julanci, yaren kasuwar garin, dariya ta bi kogin har ƙarshe. Kawu bai yi dariya ba.

Shi ya raka mu ta bakin titi har ƙofar da muka shiga. La'asar ta yi sanyi. Mun tarar da jagoran jiƙe sharkaf, muryarsa ta dushe. Ashe ya mayar da Turawan, ya tara abokan aikinsa, tun ɗazu suke zagaye da usur suna nemanmu. Ya hau faɗa, yana nuna Kawu da yatsa. Wannan karon ban rage komai ba, duk abin da ya ce na juya wa Kawu shi yadda yake. Kawu ya cire hula, ya ce in gaya masa shi ne mai laifi, yarinya bin sa kawai ta yi, kuma da a dajinsa wani ya yi masa haka da abin da zai yi ya fi wannan. Na faɗa. Jagoran yana huci ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar ya dangwarar a kan tebur.

Har mun juya ya tambaye ni ko mun ga wani abu a ciki. Na ba shi labari. Nan take fuskarsa ta canza. Ya jawo kujera ya ce in zauna. Su nawa ne? Ta wane gefen rafi? Da gaske akwai jariri? Ya ɗauko wani littafi yana rubutawa. Ya ce shekarunsa da yawa a dajin nan, kukansu yake ji, sheƙarsu yake gani a kan itace, amma ido da ido sau biyu kacal. 'Yan kaɗan ne suka rage, gari ya kewaye su ta ko'ina. Ya ce akwai masu tasowa daga Turai don su kawai, su koma ba su gani ba.

"Kin yi sa'a, madmazel," in ji shi.

Na dubi ƙafata da tsumman da ya rine da jini.

A gida Inna ba ta yi wa yayanta magana ba har kwana uku. Ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, ƙafar ta kumbura sai da aka yi mini allurai. Ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. Yayana ne ya mayar wa dattijon Tawa zanen, da goro da Baba ya haɗa masa.

Da likita ya sallami Kawu muka raka shi tashar Adjamé. Ana ɗora kaya a saman mota, su Baba suna can suna magana da direba, ya jawo ni gefe.

"Ɗiyata, na cuce ki ranar nan. Ki yafe mini."

Na ce ba komai, Kawu.

"Akwai komai." Ya murza hularsa. "In kin zo gida, ki ba su labarin duka, har ɓatan da na yi. Amma zancen hannun nan da ya yi rawa, ki bar shi tsakaninmu."

Na yi masa alkawari. Sau biyu na je ƙauyen yana da rai, kowane zuwa sai an tara yara an sa ni ba da labarin dattijon kurmi mai furfura a haɓa. Kawu yana gefe a kan tabarma yana gyara mini Hausa, yana ƙara wa dabbar tsawo. Ban taɓa faɗin zancen hannun ba sai yau, shekaru da yawa bayan an binne shi.